Karen bana shi ke maganin zomon bana. To, karen bara fa?

Maganar ta taso ne a fadarmu, muna jiran shayi na biyu. Yayana da ke karatu a Faransa ya aiko mini da saƙon murya, na kunna a gaban kowa don na ɗauka gida zai tambaya. Ashe labarin matar da yake haya a gidanta zai ba ni. Tsohuwa ce, malamar makaranta da ta yi ritaya, mijinta ya rasu. Ta tafi gidan da ake tara karnukan da aka yasar, ta wuce ƴan kwikwiyo masu tsalle-tsalle a bakin keji, ta zaɓo wani mai shekara 11, mai furfura a baki, yana jan ƙafar baya. Da ta kawo shi gida sai ta nemi ta yi masa inshorar lafiya, wato irin asirans ɗin nan da mu muka sani ta mota da babur kaɗai. Kamfani na farko ya ce karen ya wuce shekaru. Na biyu ya ce zai karɓa, amma ban da ƙafar, ban da haƙora, ban da duk abin da ya shafi zuciya, tunda lokotoron dabbobi ya ji wani ɗan sauti a ƙirjinsa. Tsohuwa ta ce musu, to mi ya rage, wutsiya?

Fada ta kwashe da dariya. Wani abokinmu ɗan Tawa ya ajiye kofi ya ce, "Wallahi mutanen ga sun ƙoshi. Mu nan mutum na kwance likita babu kuɗin magani, su suna rigimar asirans ta kare. Karen ma tsoho!" Ni ma na yi dariya, kada in yi muku ƙarya. Amma da na koma ɗaki sai kalmarsa ta ƙarshe ta tsaya mini a rai. Karen ma tsoho. Wato da ƙarami ne da da ɗan sauƙi. Me ya sa? Wane ma'auni ne muka yi amfani da shi, mu duka, ba tare da mun yi shawara ba, har muka yarda cewa tsufan karen yana ƙara wa aikin tsohuwar wauta? Na duba na ga ma'aunin nan ɗaya ne da na kamfanin da ya ƙi ta. Mu da muke yi wa Turawa dariya, da mai lissafin kamfaninsu, bakinmu ɗaya.

Bari in fara da yadda abin yake a can, don kada mu yi ta gardama a kan abin da ba mu gani ba. A Faransa, in aka tsinci kare yana yawo ba mai shi, ana kai shi wurin tsaro na hukuma, a duba lambar da aka saka masa ƙarƙashin fata ko aka zana masa a kunne. Doka ta ba mai shi kwana 8 na aiki ya zo ya ɗauka. In bai zo ba, ana iya miƙa karen ga ƙungiyar da za ta nema masa sabon gida. Mafi shahara cikin ƙungiyoyin nan ita ce SPA, wadda aka kafa tun 1845. Yasar da dabba kuwa laifi ne mai nauyi: bayan dokar 30 ga Nuwamba 2021, hukuncin yana kai ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000, wato fiye da miliyan 29 na sefa. Duk da haka ana yasarwa, musamman lokacin hutun bazararsu, sa'ad da kare ya zama kaya ga mai son tafiya bakin teku. Sannan ba duk karen da ke wurin ne aka yasar da mugunta ba. Wani mai shi ya mutu. Wani an kai mai shi gidan tsofaffi inda ba a yarda da dabba. Wani aure ya mutu, gida ya watse. Irin waɗannan su ne sukan zo da furfura, kuma su ne ke daɗewa a keji, domin mai zuwa nema ɗan kwikwiyo yake so, wanda zai horar da hannunsa, ya yi shekara goma sha wani abu tare da shi.

Ita kuwa inshorar dabbobi ba sabuwar bidi'a ba ce. A Suwidin aka fara ta a 1890, kuma dawaki da shanu aka yi wa, dabbobin da ake ci da guminsu. Sai a 1924 aka yi wa kare na farko a can. Ingila ta bi a 1947, Amurka a 1982, inda aka fara da karen nan na talabijin mai suna Lassie. Ku lura da mafarin: an soma ne da dabbar da asararta asarar dukiya ce. Manomin da dokinsa ya mutu ya yi hasarar jari, sai a biya shi. Daga baya ne abin ya koma biyan kuɗin jinyar dabbar da ba ta kawo wa mai ita ko dala.

Yadda take aiki, kowa a cikinmu zai gane in ya tuna adashi, ko da yake akwai bambanci babba. A adashi kowa ya zuba zai kwasa, layi ne kawai. A inshora kowa yana zubawa, amma wanda masifa ta faɗa wa shi kaɗai ke kwasa. Mutum dubu su zuba kaɗan-kaɗan, goma su kwashi da yawa, sauran su gode wa Allah da ba su kwasa ba. Abin da ke riƙe da wannan tsari shi ne jahilci, kuma ba zagi nake yi ba: ranar da ake zubi, babu wanda ya san kan wa abin zai faɗa. Da an sani, waɗanda za su tsira ba za su zuba ba. To tsohon kare shi ne wanda an riga an sani. Babban kare yana shiga tsufa tun yana shekara 7 ko 8. Daga nan sai ciwon gaɓoɓi, ruɓewar haƙora, yanar ido, ciwon ƙoda, ciwon zuciya, ciwon daji. In wannan bai zo ba wancan zai zo, kuma ba da daɗewa ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke da iyakar shekarun da suke karɓar sabon kare, waɗanda suka karɓa kuma su tsawwala kuɗin wata, su bar wa mai kare wani kaso na kowace jinya, su sa iyakar abin da za su biya a shekara, su sa lokacin jira kafin yarjejeniya ta fara aiki. Sharaɗin da ya fi duka ciwo shi ne na cutar da ta riga ta kama: duk abin da karen ya zo da shi, ba ruwansu. Karen da aka tsinta a titi kuwa ba shi da takardun jinya da za su nuna yaushe abu ya fara, don haka abin da aka gani a duba na farko sai a ce tsohuwar cuta ce.

Na so in kira wannan zalunci, na kasa. Mai lissafin kamfani bai yi ƙarya ba. Ba a yi wa gidan da ya riga ya kama wuta inshorar gobara. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya bayyana matsalar a 1970, kuma da tsofaffin mutane ya ba da misali: me ya sa wanda ya wuce shekara 65 yake shan wuyar samun inshorar lafiya, ko da ya yarda ya biya da tsada? Domin in aka ɗaga farashi, masu jin ƙarfin jikinsu sai su janye, a bar waɗanda suka san ba su da lafiya, sai a sake ɗagawa, har kasuwar ta mutu. Ga ɗan Adam, ƙasashe sun ga haka sun ce ba za a bar wa kasuwa ba. Amurka ta kafa tsarin jinyar tsofaffi na gwamnati a 1965, daga baya dokar 2010 ta hana kamfanoni ƙin mutum saboda cutar da ya zo da ita. Wato lissafin yana nan daidai, amma jama'a suka ce sun ji sun gani, za su biya. Tsohon kare ba shi da majalisar da za ta yi masa haka. In an biya masa, wani ne ya ga dama. Akwai gidauniya a Faransa, 30 Millions d'Amis, da ke ɗaukar wani ɓangare na kuɗin jinya ga wanda ya karɓi tsohon kare daga irin gidajen nan. Kuɗin sadakar jama'a ne, babu riba a ciki, babu mai tsammanin ta.

Ga inda nake ganin tambayar ta zama tamu, mu da muka zauna ajin filo muka haddace sunaye don jarrabawa. Kant ya yi maganar tsohon kare, da bakinsa, a darussan da ya ba ɗalibansa kan ɗabi'a. Ra'ayinsa shi ne, karen da ya daɗe yana yi wa ubangidansa hidima da aminci, in ya tsufa ya kasa, ya kamata a riƙe shi har ya mutu. Wanda ya harbe shi don ya daina amfani, a ganin Kant, bai ci haƙƙin karen ba, tunda kare ba shi da hankalin da zai yi hukunci. Kansa ya cuta, ya kashe tausayin da yake buƙata wajen zama da mutane. Mai taurin zuciya ga dabba, gobe zai yi wa mutum.

Rabin maganar nan na yarda da shi, kuma Bahaushe ya riga Kant faɗa: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ka ci gadin kare shekara goma, ya hana ka ɓarawo, ya hana ka kura, to askin ya hau kanka. Sai dai ku duba, tsohuwar nan ba ta ci ladan kowa ba. Shekarun gudu da wasa da haushi, wani ne ya more su. Ita ragowar aka bar mata: magani safe da yamma, fitsari a tabarma, tashin dare, da kabarin da ta san ita za ta tsaya a kansa nan da shekara biyu ko uku. Bashin da wani ya ci ya gudu, shi ta zo biya. Hujjar sakayya ba ta kai nan ba, ta tsaya a bakin ƙofa. In sakayya ce kaɗai ke ɗaure mu da wani, to babu abin da ya haɗa ta da karen, kuma abokina ɗan Tawa ya yi gaskiya, wauta ce.

Ɗaya rabin kuma, wanda ya ce karen madubi ne kawai da muke gyara fuskarmu a ciki, ban karɓa ba. In na taka wutsiyar kare ya yi ƙara, wa ya ji zafin? Halina ko wutsiyar? Bentham, Baturen Ingila, ya mayar da tambayar inda ya dace tun 1789: abin dubawa ga dabba shi ne ko tana jin wahala, ba ko tana iya magana ko tunani ba. Faransa ma sai a 2015 ta rubuta a kundin dokarta cewa dabba halitta ce mai ji, bayan shekaru fiye da ɗari biyu tana lissafa ta cikin kayan ɗaki. Tsohon kare a keji mai sanyi, cikin haushin karnuka ɗari, yana jiran takun ƙafar da ba za ta dawo ba, yana jin wani abu. Ban san sunan abin a harshensa ba, amma yana nan. Kuma tsufa bai rage shi ba. Abin da tsufa ya rage shi ne amfanin da ni zan samu. Mu ne muka gauraya biyun, har muka saba, muna cewa rai ya yi arha alhali ribarmu ce ta yi ƙasa.

Ku saurari karin maganarmu da kyau. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Muna faɗinsa da alfahari, mu matasa musamman, in muna so mu ce wa dattawa su matsa. Gaskiya ne kuwa, zomon bana sai mai ƙafa. Amma karin maganar ya yi shiru a kan karen bara. Yana ina? Wa ke ba shi ƙanzo? Na san wani mai garka a bayan unguwarmu da karensa ya yi masa gadin albasa da salati shekara da shekaru. Da idonsa ya mutu, sai ya samo sabo, tsohon kuma ya riƙa korarsa da dutse har ya daina dawowa. Babu wanda ya ga laifinsa, ni ma a lokacin ban gani ba. Haka ake yi wa jakin da bayansa ya lalace. In kun ce dabbobi ne, to ku tuna tsohon maigadin da aka sallama ba ko sisi ranar da ya fara gyangyaɗi, ko ƴar aikin da aka mayar ƙauye da ta fara tari. Ba na cewa mutum da kare ɗaya ne, Allah ya kiyaye. Ma'aunin da aka auna su da shi ne ɗaya.

Yanzu ga hujjar abokina, wadda ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi kamar na fi ƙarfinta ba. Kuɗin da za a yi wa tsohon kare aiki guda a Turai zai sayi maganin zazzaɓin cizon sauro na yara masu yawa a nan. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a layin likita da ƙanensa a kafaɗa ya san ɗacinta. Ba mu muka fara faɗa ba. Lokacin da wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka ɓata a Landan a 1860, wanda daga baya ya koma Battersea, jaridar The Times ta yi mata ba'a da wannan hujja daidai: mutane na yunwa a titi, ke kina ciyar da karnuka. Shekara 160 da ɗoriya ke nan, gidan yana nan, hujjar ma tana nan.

Abin da ya dame ni da hujjar shi ne lokacin da muke zaro ta. Ba mu zaro ta in mutum ya sayi waya ta jika 300. Ba mu zaro ta a bikin da aka yi wa mawaƙi liƙi har ƙasa ta rufe. Akwai ma abin da ya fi wannan. Karen nan dogo siriri na makiyayan arewacin Tawa, wanda ya ɗauki sunan Azawak, tun wajen 1970 aka fara kai shi Turai, yanzu ana kiwonsa a can ana sayar da ɗansa da tsada, Amurka ma ta sa shi cikin jerin karnukan gasarta a 2019. In muka ji wannan, daɗi muke ji, karenmu ya yi suna. Babu mai cewa ina ma an ba marayu kuɗin. Ashe kashe kuɗi a kan kare bai dame mu ba in karen kyakkyawa ne, mai gudu, mai tsada. Sai an kashe a kan gurgu ne muke tuna talakawa. Sannan zaɓin da ke gaban tsohuwar, in za mu faɗi gaskiya, ba tsakanin kare da yaran Nijar yake ba. Tsakanin tsohon kare ne da ɗan kwikwiyo na sayarwa, ko kuma zama ita kaɗai da talabijin.

Ban ce duk abin da ake yi a can daidai ne ba. Akwai mai ɗauko tsohon kare don ya ɗauki hoto ya zuba a Facebook a ce masa mai tausayi. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan ɓoyuwa: in inshora na biya, sai a yi ta yi wa dabba aiki bayan aiki, ana jan ranta cikin azaba don mai ita ba ya iya rabuwa da ita. Kare ba ya iya cewa ya isa haka. Wanda ya riƙe shi da allura wata shida don kada shi ya yi kuka, kansa yake jinya. A ɗaya gefen kuma akwai wanda lokotoro zai ce masa cutar tana warkewa amma ga kuɗinta, ya duba aljihu, ya ce a yi masa allurar barci ta ƙarshe. Wannan shi ne abin da inshora ta zo hanawa, kuma shi ne take bari ya faru ga wanda ya fi kusa da shi. Wanda ya ɗauki tsohon kare ya karɓi wannan hukunci a hannunsa tun ranar farko, ya san wata rana shi za a tambaya.

Wani a fada ya kawo maganar addini, cewa kare najasa ne. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake an ƙi ajiye shi a gida ba don gadi ko farauta ko kiwo ba. Kuma dukanmu mun ji tun muna allo labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, aka gafarta masa. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai yanzu: karen ba nasa ba ne. Bai yi masa gadi ba, ba zai yi masa ba. Ya sha, kowa ya kama hanyarsa.

Babu kamfanin da zai zo Maraɗi ko Damagaram ya sayar da inshorar kare, kuma ba na roƙon ya zo. Abin da ke gabanmu game da karnuka ma daban ne. Ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 a duniya kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma karen da aka kora ya koma yawo a bola ba riga-kafi yana cikin masu yaɗa shi. Mai garkar da ya jefi tsohon karensa da dutse bai rabu da matsala ba, ya tura ta ne kan hanyar da yara ke bi zuwa lakwal.

Makon jiya Yaya ya sake aiko da saƙo. Tsohuwa ta haƙura da kamfanonin. Ta buɗe asusu dabam a banki, kowane wata tana zuba abin da da za ta ba su, ta ce in ya ƙare ta sayar da agogon mijinta. Gidan bene ne, hawa na biyu, kuma karen ya daina iya hawan matakala. Ita ba ta iya ɗaukarsa. Don haka Yaya ne ke sauko da shi da safe kafin ya tafi jami'a, ya hau da shi da yamma, kilo 19, sannan ya wanke hannu ya canza riga. Na kunna wannan ma a fada. Ɗan Tawa ya yi shiru, can ya ce in tambayi Yaya ko tana rage masa kuɗin haya. Na tambaya. Ya ce ta yi tayi sau biyu, bai karɓa ba, kuma kada in gaya wa Inna.